Malmala Mai Ƙanzo

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Luba ta Fakku, wadda aka kawo aure Jabo, aka kuma binne ta a can.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kabarinki da haske da yalwa. In kin tambayi lafiyata, sai godiya, ban da gwiwa da ta ƙi ni da haƙora da suka gudu suka bar ni. Na girme ki yanzu nesa ba kusa ba, Inna. Cikin jikokina ma akwai waɗanda suka fi shekarun da kika yi a duniya.

Bana cika-ciki ya sake faɗowa cikin ɗari, kamar shekarar da kika koya mini shi. Akwai maganar da na riƙe tun ranar, na gaji da ɗaukarta, shi ya sa na zauna da ɗan rubutun da na koya a ajin manya.

Kin tuna shekarar. Fara ta cinye rabin geron Jabo, abin da ta rage kuma aka zo aka ɗiba saboda yaƙin Turawa, yaƙin da ba mu san inda ake yinsa ba. Duk da haka Baba ya yanka ɗan ragonsa da Babbar Salla. Kwana bakwai bayan nan aka ce kowane gari ya kawo maza don haƙar kuza a Jos, abin da ake kira diban gwamna. Sunan Baba ya faɗo ciki. Aka tara su a Tambuwal, daga nan ƙafa har inda jirgin ƙasa yake. Ya tafi da riga ɗaya da gwado, aka bar mu mu uku: ke, da ni mai shekara shida, da Kaka, uwarsa, wadda ido ya fara barinta.

Ni ce 'yar farinki, don haka kunya ba ta taɓa barinki kin kira sunana ba. "Ke wagga" ce ni. Ba kya wasa da ni, ba kya ɗora ni a cinya. A wautata na ɗauka ba ki damu da ni ba.

Ranar tara ga watan cika-ciki da hantsi kika sauko da wutsiyar ragon layya daga saman murhu, inda ta yi wata guda a rataye har hayaƙi ya baƙanta ta. Kika zaunar da ni gefen wuta don yatsuna su saki. Kika nuna mini yadda ake kankare ta, a jiƙa ta da ruwan zafi, a yanka daidai yawan mutanen gida. Kika yanka huɗu. Na ce ai mu uku ne. Kika ce, "Mu fuɗu na. Wanda yat tafi, ba a fidda shi ga tukunya."

Sai kika gaya mini dokar gidanku ta Fakku. Rabon matafiyi a akushinsa ake zubawa, a rufe da faifai ya kwana, da safe a ba baƙon hanya na farko da ya wuce, don shi ma Allah ya haɗa shi da mai ba shi a inda yake. Kaka ta ɗora nata daga bakin ƙofa: "Wanda duk bai ƙoshi ba yau, ba shi ƙoshi hab baɗi." Ita tsokanar jikarta take yi, irin ta kakanni. Ni kuwa maganar ta shige ni har ƙashi.

Malmala huɗu kika kwashe. Uku da ɗan auki, ta ƙarshe ƙarama, wadda aka kankaro daga gindin tukunya, da ƙanzo manne a bayanta. Wannan kullum taki ce. Bayan magariba ni da Kaka muka ci namu. Ke kika ce sai kin yi isha'i, kika rufe taki kika ajiye a kan randa.

Na suɗe hannu, na suɗe kwano, na taɓa cikina na ji bai cika ba. Tsoro ya kama ni, shekara guda cur da yunwa! Kina salla kin ba ni baya, Kaka tana gyangyaɗi. Na rarrafa bayan ƙofa inda akushin Baba yake, da niyyar loma ɗaya. Inna, ko miya ban bari ba, har ɗan wutsiyar na tauna na haɗiye, na mayar da faifai.

Sai da na ƙoshi hankalina ya dawo. Na cinye rabon Baba, yanzu babu mai ba shi a Jos.

Da safe wata tsohuwa mai tallan tukwane daga wajen Kebbe ta biyo ta ƙofar gida tana rawar ɗari. Kika ce in ɗauko akushi. Na ɗauko na miƙa miki. Kika buɗe faifai a gabanta, sai ga tuwo da nama a kai. Har na fara cewa ikon Allah a raina. Sai tsohuwar ta juya malmalar don ta gutsura, na ga ƙanzon.

Ba ki dube ni ba. Da ta tafi, abin da kika ce kawai shi ne, "Ke wagga, tafi ki wanke gwiwar hannunki, miya ta bushe gare ta." Ba duka, ba faɗa, kuma har kika bar duniya ba ki sake tayar da zancen ba. Da kin doke ni da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na zama mai gadin bakinki. In kin juya sai in gutsuri tuwona in jefa a kwanonki, ke kuma ki mayar mini. Haka muka yi ta yi har ɗari ya wuce.

Baba ya dawo da bazara, ƙashi da fata, yana tari, amma da ransa. Ya ce sanyin can da yunwa sun kwashe mutane da dama. Gida ya cika da masu barka. Ni na laɓe bayan rumbu ina kallonki kina dama masa kunu da ɗan geron da kika ɓoye, ina tunani irin na yara: shi an ba shi, saura ke.

Damina ta sauka rumbu wayam. Tafasa da rama muke ci, a barbaɗa musu dusa. Ke kika riƙi fartanya saboda Baba ba ya kai kunya biyu sai ya zauna. Ƙafafunki suka kumbura, zawo ya biyo baya. Kika rasu wata Laraba da la'asar, gero ya riga ya fidda kai. Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka gasa tumu a gidanmu, na ƙi ci.

Da na girma na tambayi malamai, ba ɗaya ba, ba biyu ba, ban ce musu labarina ne ba. Duk suka ce maganar ƙoshi al'ada ce, ba ta cikin littafi, kuma ajali ba ruwansa da tuwo. Kaina ya yarda da su, Inna. Amma shekara sittin da ɗoriya, tuwon cika-ciki bai taɓa yi mini daɗi ba.

Kowace shekara nakan yanka wutsiya da ƙarin rabo ɗaya, in zuba a akushin nan na Baba, wanda ya tsage na ɗaure shi da waya. Surukata takan ce ai kowa yana gida, na wa ne kuma? In ce a bar ni da tsufana. Naki ne, Inna. Da safe in ba mai wucewa.

Bana na zaunar da tattaɓa-kunnena mai sunanki, muna ce mata Inna Ƙarama, shekararta biyar. Na koya mata kankare wutsiya, na gaya mata dokar matafiyi. Maganar Kaka kuwa na haɗiye ta, na kuma hana kowa ya faɗa mata. Duk a banza, ita kwaɗayi kawai ya ishe ta. Na sallame isha'i na waiga, sai ga ta bayan ƙofa, hannu dumu-dumu cikin akushi, kumatu a cike.

Na juya kamar ban gani ba. Da ta fita na ɗauki malmalata na zuba, na mayar da faifai. Ina rufewa na ji ni ina murmushi. Babu ko ɗigon fushi a raina, sai daɗin ta ƙoshi. Nan na zube a kan tabarma na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke. Ashe haka kika ji. Ashe shirun nan ba na fushi ba ne, hanyar da kunya ta bar miki ke nan ta ɗora ni a cinya.

Sai dai ni da na leƙa madafa na tarar da rabin tukunya. Ke ruwa kika sha kika kwanta.

Inna, ni na ci. Kin sani, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haɗa ki da Baba da Kaka cikin rahamarsa. Ya ciyar da ke abincin Aljanna har ki ce ya isa. In tawa ta zo, ya sa in cika da imani, in same ki a ƙoshe. Amin.

Ni ce 'yarki ta fari, "ke wagga",
Kulu, daga Jabo.