Emeka Ya Gyara Mini Keke

Daren Laraba, Agusta 1993

Har yanzu raina a ɓace yake. Birki kawai na ce Emeka mai gyaran keke ya ɗaure mini. Da na koma, sai na tarar ya kwance duk ƙarafunan canja giya ya zuba a gwangwani, ya rage tsawon sarƙa.

"Madam, wannan kaya na Bature wahala ne," in ji shi. "Kowa ya kawo, ni ina cire. Yanzu keke ya yi hankali."

Na ce, "Oga Emeka, in cirewa ke sa hankali, kawo harshenka."

Don giyar nan na zaɓi keken a gwanjo, na sa masa tayoyi masu kauri. Tun Ista nake koyon hawan tudun bayan makaranta da shi, yaran da nake koyarwa suna ɓoye dariya. Da damina mota ba ta kaiwa ƙauyen Mama a bayan duwatsun Kagoro, masu babur ma sun ƙi, sai dai in hau da keke. Maganin hawan jininta zai ƙare ranar Asabar, ita kuwa ta rantse gawarta ce kaɗai za ta sauko.

Na san ba mugunta ya yi ba. A ganinsa, mace mai shekaruna iyakarta kasuwa da coci, shi ya sa bai tambaye ni inda za ni ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Gwangwanin yana kan teburina. Gobe zan zauna kan bencinsa har ya mayar da kowane noti. In ya kasa, shi zai ɗauki maganin ya hau da ƙafa.