Hannun da Ke Taɓa Ɗinkina

Zuwa ga uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce ta rage zirga-zirga. Ni dai ga ni nan, lafiyar bare, wadda ba mai tambaya sai mai son a yi masa aiki.

Kin ce in riƙa ba ki labari, ba kullum "lafiya lau" ba. To ga labari. Kin san mu goma sha biyu ne a shagon nan muke ɗinka rigunan ma'aikata. Kowa da kekensa, kowa da kwandonsa mai lamba. Abin da ka ɗinka da safe ka zuba a kwando ka tafi cin abinci. Bayan an dawo sai wata mata ta zo ta duba, inda ta ga kuskure ta ja masa alli. Mai Alli muke ce mata. Wanda alli ya yi wa yawa a wata, manaja ya sallame shi. Shekarata tara a nan, allinta bai san rigata ba.

Makon jiya ina ninke wata riga sai yatsana ya ji 'yan huji a gefen kalmasa, irin wanda allura ke bari in an warware ɗinki an sake. Ni ban warware komai ba. Na shafa ƙarshen zaren, na ji an koma baya sau uku. Ni sau biyu nake komawa tun ina koyo. Wani yana taɓa mini aiki.

Kuma na san ko wane ne. Akwai wanda ke keken da ke kusa da nawa, watansa bakwai da zuwa. Na sa masa suna Sannu-Sannu, don ko atishawa ka yi sai ya yi maka sannu uku. Baba yake ce mini, alhali ban haife shi ba. Shi kaɗai ne ba ya fita cin abinci, wai cikinsa ba ya son na waje. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da haƙoransa ke waje tun safe har yamma, akwai abin da yake rufewa da su. Kekena ne a bakin taga, kowa na so. Ba zan zalunce shi ba, gwani ne, hannunsa da tsabta. Amma ai gwani ne ya san inda zai sassauta zare yadda riga za ta ɓarke bayan wanki biyu, a duba lamba a ga tawa.

Ba zan yi magana ba sai na gani da idona.

Naki,
Baban yara

*

Uwargida,

Ina gaishe ki, ina gaida yara da Inna. Wasiƙarki ta iso. Kin ce rubutuna ya yi manya kamar na allon makaranta. Biron ne ba shi da kyau, ki bar wannan magana.

Na kama shi. Ranar Litinin na fita tare da kowa, na zagaya ta ƙofar baya inda ake shigo da yadi. Ga shi zaune a kekensa, kwandona a gindinsa, rigata a hannunsa yana tsinke wuyanta da almakashi. Da ya gan ni bai ko razana ba, sai cewa ya yi, "Baba, har ka ƙoshi?" Na ce masa ubansa na can inda ya baro shi. Na ɗauki rigar na kai wa manaja.

Dokar shago ce, ba mai taɓa kwandon wani. Manaja ya tambaye shi dalili a gaban kowa. Ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya ce ya yi kuskure, a yi haƙuri. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka ce ya tafi gida, ranar Asabar za a yanke shawara, kuma kowa ya san wace shawara ce. Sai bayan ya fita na ji wai matarsa na da tsohon ciki. Na ce ba ni na aike shi kwandona ba.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Ranar Talata Mai Alli ta dawo mini da riga shida cikin ashirin. Laraba takwas. Ta ajiye su a kan kekena tana cewa, "Dattijo, yau aljihu hira ya tafi yi a hammata?" Aka yi dariya. Na ce a raina bakinsu ɗaya ne, ramuwa take yi masa. Na taɓa ganin su suna magana a bakin famfo.

Ɗazu da rana na fito da riga ɗaya waje, na shimfiɗa a kan benci, na ɗora ma'auni a kan kalmasar, na bi da yatsa. Uwar yara, ɗinkin ya gudu daga ma'aunin da faɗin farce. Ba wanda ya taɓa rigar nan sai ni.

Biron ba shi da laifi. Tun bara nake ganin kamar hayaƙi a idona na dama, yanzu na hagu ma ya fara. Da laluɓe nake zura zare a allura. Na ɓoye miki, na ɓoye wa kowa, na ɗauka na ɓoye wa ɗinkin ma.

Saura kwana biyu. In na yi shiru, shi zai tafi, ni kuma in lallaɓa wata biyu ko uku kafin alli ya cinye ni. In na yi magana, tela marar ido ba ya zama a keke. Ku biyar ne a wuyana. Ki yi mini addu'a, ban ce ki ba ni shawara ba, don na san wadda za ki bayar.

Naki,
Baban yara

*

Uwargida, rabin raina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki rungume mini Auta.

Ranar Juma'a na shiga ofishin manaja da rigar da ma'aunin, na gaya masa idona ne, kuma gyara Sannu-Sannu yake yi mini. Ban yi don ina son mutumin ba, kada ki yi mini wannan shaida. Na lissafa ne na ga ba zan iya cin abincin wata uku da na ƙwace daga bakin jaririn da bai ma zo duniya ba. Manaja ya daɗe yana juya rigar, ya ce tun yaushe. Na ce ya tambayi wanda ya kora, shi ya fi ni sani.

An dawo da shi. Ni an cire ni daga keke an kai ni wajen guga da ninki, a ɗakin baya mai zafi kamar murhu. Albashin ya ragu, za ki gani a abin da zan aiko. Kekena na bakin taga shi aka ba. Kin ga ashe zatona bai faɗi ƙasa duka ba, ya dai samu tagar.

Na je na ba shi haƙuri, a tsaye, a gaban waɗanda na kunyata shi a gabansu. Sannan na tambaye shi me ya sa. Ya ce karkataccen ɗinki ciwon kai yake sa masa, ko na waye. Na ce to me ya hana ka gaya mini? Ya ce, "Baba, ai kai ko sannu aka yi maka sai ka juya ta ka duba bayanta." Mai Alli ta yi dariya har da riƙe ciki. Ban yi ba, amma ban ƙaryata shi ba.

Ni ma na gaya masa tawa. Na ce alheri ya yi mini, na yarda, amma wata biyar ya bar ni ina yawo da girman da ba nawa ba, ina raina aikin mutane alhali nawa ake bi ana gyarawa. Da ya faɗa mini a fuska, da na zage shi kwana ɗaya na tafi asibiti. Jiya na je, likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa, amma da an zo da wuri da ya fi. Sannu-Sannu ya daina murmushi, ya ce wannan kam ya ɗauka. Karon farko da na ga bakinsa a rufe, kuma sai na ji na fi yarda da shi a haka.

Yanzu ga saƙona. Yara za su ji cewa ubansu ya bar keke, gara su ji daga bakinki. Na san halinki, za ki so ki rufa mini asiri ki ce 'yan baƙin ciki ne suka yi mini makirci a baƙon wuri. Kada ki faɗa. Na yi mako uku ina farautar mugun da ke shagon nan, na bi ta ƙofar baya, na laɓe, na kai ƙara. Mutum ɗaya na samu da ya nemi raba wani da abincinsa, kuma shi ne ke rubuto miki wannan wasiƙa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Baban yara