Sai Sassan Sun Haɗu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ya ƙafar Baba?

Tun ranar da aka damƙa mini jagorancin haɗa manhajar asibitocin nan rayuwata ta juya. Wasu na rubuta sashen magunguna, wasu na gwajin jini, kowa ta kansa yake yi. Nawa aikin shi ne in sa sassan su fahimci juna, kamar masoyan littattafaina masu gaba tun shafin farko! Kullum da safe nakan tsayar da shugabanninsu gaban allo, ba mai zama sai an daidaita. Jiya sakamakon gwaji ya isa sashen magunguna da kansa. Sai da na ɓuya na yi kukan daɗi.

Ƙalau nake, ramar da kika gani sharrin hoto ce. Littafin da kika ba ni dai ko buɗewa ban yi ba.

Maigidana ya gama karatun da ya kawo shi nan, zai taho gida. Ya ce, "Sarkin sulhu, ke zauna ki ƙarasa labarin masoyan naki." Na san Inna mu biyu take jira. Ki lallaɓa mini ita, Allah ya saka miki. Ni zan zauna sai an ƙaddamar da aikin.