Su Frane Sun Zo Hutu

Asabar, 3 ga Agusta

Sun iso tsibirinmu da jirgin ruwa na rana. Ƙanena Frane, da matarsa Heike, da 'yarsu Mirta, da akwatuna kamar sun kwaso Jamus gaba ɗaya. Ya rungume ni a bakin tasha ya ce, "Yaya Nevenka, kin rame." Na ce zafi ne.

Baba ya gane shi. Tun makon jiya nake fargabar kada ya kasa, saboda mantuwar da ke damunsa. Har ya tsokane shi a kan tumbinsa, aka yi ta dariya. Frane ya kalle ni, irin kallon nan na ina ciwon da kike ta faɗa a waya?

Na ba su ɗakina mai kallon teku. Na dawo falo, kusa da ƙofar Baba.

Litinin, 5 ga Agusta

Su iyo, ni wanki. Yashi a gado, yashi a banɗaki, har a cikin kwandon burodi.

Laraba, 7 ga Agusta

Heike ba ta iya zama. Jiya hawan keke cikin gonakin zaitun, yau kallon kogon da ke bayan tsibiri, gobe wai za a hau dutse a ga faɗuwar rana. Mutuniyar kirki ce, ba na ƙin ta. Ta ce in zo mu je kogon. Na ce wa zai zauna da Baba? Ta ce ai barci yake. Barci yake, i. Sai ya farka ya kunna murhu ya manta.

Da yamma Frane ya gasa kifi a tsakar gida. Aka yi ta yabonsa. Wanda ya kankare ɓawon kifin ya wanke cikinsa ba a tambaya ba.

Alhamis, 8 ga Agusta

Mirta ta manne wa kakanta. Suna zaune ƙarƙashin ɓaure suna karta, yana yi mata maguɗi, tana kama shi. "Tsoho mai wayo," in ji ta. Shi kuma ya ce ita ce ɓarauniya, a kira mata 'yan sanda. Rabona da jin dariyarsa haka na manta. Ya kamata in ji daɗi. Na ɗan ji.

Ya yi mata alkawarin kai ta kamun kifi a kwale-kwalensa. Na faɗa wa Frane tun bara ban bar shi ya taɓa injin ba. Ya ce in daina mayar da mutum jariri, Baba ya san tekun nan fiye da tafin hannunsa.  Bayana na ciwo.

Lahadi, 11 ga Agusta



Na tafi coci da safe, na bar Baba da Frane. Abin da na roƙa ke nan, ya kula da shi kafin in dawo. Na dawo na tarar da Frane yana barci a inuwa, Heike ta tafi sayen burodi, babu Baba, babu Mirta. Na ruga bakin ruwa. Igiya ce kawai a wurin kwale-kwalen.

Ban san yadda na isa gidan Duje maƙwabcinmu ba. Ya bar abincinsa ya tayar da jirginsa, Frane ya shiga da gajeren wando, ko takalmi babu. Ni da Heike muka tsaya a kan dakalin bakin ruwa. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe hannuna har farcenta ya shiga fatata. Rana ta take, iskar kudu ta fara tasowa.

Sai bayan azahar muka hango su, Duje na janye da su. Can bayan ƙaramin tsibiri ya same su. Baba ya kashe inji, ya kasa tuna yadda ake tayarwa, ya kasa tuna ina ne gida. Mirta ta ce zama ya yi yana kiran ta da sunana, yana cewa kada ta faɗa wa Mama. Mamar da muka binne tun Mirta na goye. Yarinyar ta cire rigarta ja ta yi ta kaɗawa. Kafaɗunta duk sun ƙone.

Da ta sauko ni ta fara nufa. "Gwaggo, kada ki yi masa faɗa. Tsoro ya ji."

Ban yi wa kowa faɗa ba. Na dafa miya.

Litinin, 12 ga Agusta

Yau aka yi faɗan. Frane ya ce akwai gidan kula da tsofaffi mai kyau a birnin Split, shi zai ɗauki nauyi. Na ajiye wuƙar da nake yanka tumatir. Na faɗa masa duk abin da na tara. Zanen gado da nake wankewa kullum. Ranar da Baba ya fita cikin sanyi neman jakin da ya mutu tun muna yara. Na ce kai kana zuwa ka ci kifi ka ɗauki hoto ka tafi, yanzu kuma kai ne mai shawara?

Ya ce, "To me ya sa ba ki taɓa cewa in zo ba? Duk sanda na tambaya sai ki ce lafiya lau, kin iya."

Ƙarya yake. Ko dai ba ƙarya ba ce duka.

Talata, 13 ga Agusta

Ba mai magana da kowa. Heike ta wanke kwanuka, ta jera su inda ba nan ne wurinsu ba. Na bar su.

Alhamis, 15 ga Agusta

Bikin Maryamu, uwar Yesu. Garin ya cika, an zaga da mutum-mutuminta daga coci zuwa bakin ruwa. Ina cikin mata muna waƙa sai na ga ƙasa na juyawa. Na farka a kan bencin mai sayar da ƙanƙara, ana yi mini fifita da kwali. Abin kunya. Likita ta ce jinina ya hau, ta tambaye ni yaushe rabona da barci mai kyau. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da aka kawo ni gida na ji ruwa na zuba a banɗaki. Baba ya ɓata jikinsa, Frane ne ke yi masa wanka. Ina jin Baba na zaginsa, yana cewa wane ne kai. Frane na cewa, "Ni ne, Baba, ɗaga hannu." Ya fito jiƙe sharkaf, idonsa ja. Ya zauna a bakin kujerar da nake kwance a kai. Ya ce haka yake kullum? Na ce yau da sauƙi.

Asabar, 17 ga Agusta

Heike da Mirta za su koma gobe saboda makaranta. Frane ba zai bi su ba. Ya kira wurin aikinsa, zai kai ƙarshen wata. Maganar Split an ajiye ta tukuna. Wai ni kuma in tafi wani wuri in huta. Ina zan je? Bai san maganin safe da na yamma ba. Bai san Baba ba ya cin miya da zafi ba. Ya ce in koya masa, shi ba jaki ba ne. Na ce za mu gani.

Kwale-kwalen an janye shi tudu. Baba ya tsaya yana kallo. Mirta ta riƙe masa hannu.

Lahadi, 18 ga Agusta

Heike ce ta haɗa mini jaka. Jirgi ɗaya muka shiga.

Talata, 20 ga Agusta

Wani ƙaramin gari kudu da Split, a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗaki. Babu wanda ya san ni. Jiya na yi barci har rana ta shigo ɗaki, na tashi a firgice ina neman ƙofar Baba.

Ba wani abin yi a nan. Mutane kwance a yashi kamar kifin da aka shanya. Na shiga ruwa iya gwiwa, daga baya iya wuya. An kawo mini kifi a faranti, gishiri ya yi yawa, na cinye.

Frane ya kira da rana. Baba ya ƙi cin abinci, ya jefar da cokali. Har na miƙe ina neman takalmina, sai ya ce a'a, ya ci daga baya, ya haɗa masa da ɓaure, kawai dai ya kira ne in sani. Baba bai tambaye ni ba. Na zauna a bakin gado ina jiran abin ya yi mini ciwo. Ya yi, amma bai kai yadda na zata ba.

Alhamis na ce zan koma. Ɗazu na tambayi matar gidan ko akwai mai shiga ɗakin nan kafin Lahadi. Ta ce babu.

Tambaya kawai na yi.