Wandon Keken da Bai San Buta Ba

Zuwa ga Mai Shagon Kayan Keke da ke Talla a Waya,
Anacha.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da yaran shago. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da mu masu saye?

Ban san sunanka ba, amma na san muryarka, domin da bakinka kake tallan, da Hausar nan taka ta wanda ya tashi a Sabon Garin Kano. Shi ya sa na rubuto da Hausa ba tare da fargabar sai an nemo maka tafinta ba. Na sa wasiƙar a fili ne kuma saboda 'yan'uwana na Fatakwal da Anacha da Inugu, waɗanda da yawansu ke kallon tallanka suna lashe baki.

Ni mahauci ne. Teburina yana kasuwar Mile One a nan Fatakwal, ɗakina yana unguwar Borokiri, shekaruna sun haura hamsin. Bara likita ya ce ina da ciwon suga, ya ce in ba na son a kai ga allura kullum, to in rage loma in nemi keke. Na ce masa ai keke kullum sai na shiga, tunda a garin nan in ka ce keke, mai ƙafa uku na haya ake nufi. Ya ce ba na shiga ba, na hawa, wanda ƙafata ce za ta zama injinsa. Na sayi na hannu, na riƙa zuwa kwata da kasuwa a kansa. Abokan fawa suka yi ta dariya, wai tsufa ya zo mini da ƙuruciya. Suna dariya suga yana sauka, har likita ya daina maganar allura. Don haka in na ce keken nan shi ne maganina, ba salon magana nake yi ba.

Matsalata ɗaya ita ce sirdi. Mutum mai jiki irina in ya yi tafiya a kan abin da bai fi tafin hannu ba, mazaunai su ke biya. Ana cikin haka na ga tallanka: gajeren wando baƙi mai ɗamewa, da soso a ɗinke a wajen zama, da madaurai biyu da ake ratayawa a kafaɗa. Ka ce irinsa masu tseren keke ke sawa, ka ce naka mai sauƙi ne don talaka ma ya samu. Kuɗinsa bai kai na cinyar akuya ba. Na tura, ka aiko ta mota, na je tasha na karɓa. Da na buɗe a gida maiɗakina ta ɗaga shi sama ta juya, ta ce, "Malam, kokawa za ka shiga, ko kuwa na jarirai aka aiko maka bisa kuskure?"

Zan faɗa maka abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, mai daɗi da marar daɗi.

Na farko, ba ka cuce ni ba. Wannan zan fara faɗa, don ni ma ɗan kasuwa ne, na san zafin a zo gaban teburinka ana ɗaga murya a kan abin da ba laifinka ba. Abin da na gani a hoto shi ya zo. Ɗinkin bai farke ba. Ranar da na fara sa shi na taka keke daga Borokiri har Mile One ban miƙe daga sirdi ko sau ɗaya don in huta ba, na isa ina sa maka albarka.

Na biyu, awon. Na zaɓi mafi girma a jerinka, amma da alama wanda aka auna aka ɗinka wa bai taɓa zama gaban kwanon tuwo ba. Sai da na riƙe numfashi kafin madauran su hau kafaɗa. Ga shi ya tsaya sama da gwiwa, ga shi in yadin ya ja sai ya zama shara-shara. Dattijo Musulmi ba zai ratsa unguwar Diobu a haka ba, ko da ba kowa a titi. Sai na ɗora dogon wandona a kai, na sa riga, ba wanda ya san me ke ciki. Na kuma sa ɗan kamfaina a ƙarƙashinsa kamar yadda na saba da kowane wando tun ina yaro. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na uku, madauran kafaɗa. A kan keke suna da amfani, wando ba ya zamewa, ba roba mai yanka ciki. Amma ranka ya daɗe, ka taɓa shiga ban ɗakin kasuwa da buta a hannu ɗaya, kana neman inda za ka rataye rigarka? Kafin mutum ya tsuguna sai ya tuɓe riga, ya zare madaurai, ya saƙala rigar a wuya, yana kare ta daga ƙasa. Ba ƙusa a bango, ga mutane a waje suna buga ƙofa. Mai ciwon suga kuwa ba ya daɗewa bai nemi wajen ba. Canza wandon gaba ɗaya a irin wannan wuri ya fi ƙarfina, a teburin nama kuma ba ɗakin da mutum zai shiga. Sai na riƙa barinsa a jikina tun fitowar safe har in koma gida da yamma.

Na huɗu, kuma saboda shi na rubuta wasiƙar nan: soso da ruwa. Mu da ruwa muke tsarki. Ba sau ɗaya ba a wuni, kuma ba ma tsayawa goge jiki da tawul, mukan mayar da wando ne iska ta ƙarasa aikin. Wandon atamfa ko na yadi kafin ka idar da alwala ya sha iska. Sosonka kuwa abin da ya sha ba ya mayarwa. Ga ruwan tsarki, ga gumin garin nan da ko kana zaune yake tsatsafowa, ga ɗan kamfai a tsakani ya jiƙe ya nannaɗe, ga dogon wando ya rufe komai. A haka nake wuni a tsaye, a haka nake komawa kan sirdi.

Abin da ya fara damuna ma ba jikina ba ne, sallata ce. Na samu limaminmu bayan Azahar na ja shi gefe, na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da tambayar. Ya ce in dai na tsarkaka sosai, kuma ba najasa ce ta taɓa soson ba, danshin ruwa ba ya ɓata salla. Na ji sanyi a raina na ci gaba da sha'anina. Malam ya amsa abin da na tambaye shi daidai, ban dai tambayi kowa game da fata ba.

Da fari wajen ya yi ja yana raɗaɗi. Daga nan fatar ta saɓe a matsematsi, sai wani abu kamar maruru ya fito daidai inda nake zama. Wuri ne da namiji ba ya nuna wa kowa. Na sayi man shafawa a kyamis ba tare da na faɗi na mene ne ba, na ci gaba da hawan keke ina cije baki, don a tunanina in na daina suga zai dawo. Maiɗakina ce ta gane daga tafiyata. Ta ce tun da ta san ni ba ta taɓa ganin ina zaman tahiya a karkace ba. Ta ce ko in tashi mu je asibiti, ko ta kira ƙanena ta gaya masa komai. Na zaɓi asibiti.

Allah ya sa likitan nan nawa shi ma yana hawan keke ran Asabar da abokansa. Da na fito da wandon daga leda ya gane shi nan take. Ya tambaye ni da turancin garin nan, "Oga, you dey wear pant inside?" wato ko ina sa ɗan kamfai a ciki. Na ce to da me zan sa? Ya fara dariya. Da na ce a ciki nake wuni, kuma ya duba ciwon, sai dariyar ta tsaya. Ya ce wannan wando ba a sa komai a ƙarƙashinsa, don ɗinkin ɗan kamfai shi ke goge fata. Ya ce na hawa ne kawai, ana sauka ake cire shi, a wanke, ya bushe ƙarau kafin a sake sawa. Ya ce duk masu tseren keke sun san haka, shi ya sa ba wanda ke rubutawa. Sannan ya faɗi abin da ya sanyaya mini jiki, cewa ciwo a jikin mai suga ba ya gaggawar warkewa, kuma da na ƙara jinkiri da sai an yi mini babban aiki. Ya tsaga wurin ya wanke, ya ce kada in kusanci sirdi sai ya ba ni izini.

Ban ce kai ka ji mini ciwo ba. Waɗanda suka ƙirƙiro wandon nan sun yi shi ne don mutumin da zai fita motsa jiki, ya dawo gida ya shiga wanka. Ba su yi lissafin mahaucin da keke ne motarsa ba, mai wuni a kasuwa, mai ɗaukar buta. Ban ga laifinsu ba, ba su san mu ba. Amma kai ka san mu. Ka zauna cikinmu har ka iya harshenmu, ka ga butoci jere a ƙofar kowane masallaci. Da harshenmu ka kira mu muka saya. Abin da ya yi mini ciwo a rai shi ne, kalmomin da za su hana duk wannan ba su fi numfashi ɗaya a tallanka ba.

Mutane suna tambayata ko mai arahar nan ya cancanci a saya, ko sai mai tsada. Ban taɓa sa mai tsada ba, ba zan yi ƙarya a kansa ba. Likita ya ce bambancin yana wajen soson: na mai tsada ya fi saurin bushewa, ya fi daɗewa bai lotse ba. Naka kuwa na shaida, a damunar Fatakwal in aka wanke shi da yamma, da safe ana samunsa da danshi. Amsata ita ce, ga wanda zai hau ya sauka ya cire, kuma ya iya sayen biyu yana musanyawa, mai arahar ya isa, ba asara. Ga wanda zai wuni a ciki kuwa, ko kyauta aka ba shi kada ya karɓa.

Ga abin da nake roƙo. Ka ƙara a tallanka, da wannan Hausar taka, cewa ba a sa ɗan kamfai a ciki, ba a wuni da shi, ba a sa shi da danshi. Ka faɗa a fili, kada ka ji kunya, mu da ke jin kunyar ga inda ta kai mu. Ka ce mai ciwon suga ya riƙa duba jikinsa. In da hali ka nemo mana irin wanda ba shi da madauran kafaɗa, wanda mutum zai iya zarewa a ban ɗakin kasuwa ya sa a leda ba tare da ya tuɓe riga ba, in ya sauko ƙasa da gwiwa ma ya fi. Ka kuma nemo awon masu tumbi. Na tabbata kasuwarka ƙaruwa za ta yi, don dattawan da likita ya tura kan keke a unguwanninmu ba kaɗan ba ne.

A kishingiɗe nake rubuta wannan, a gefe ɗaya. Ciwon ya fara haɗewa, alhamdu lillahi, amma a hankali. Keken yana jingine a bango, ƙanena ne ke tsaya mini a tebur. Tun da na daina hawa suga ya sake ɗagawa, kuma a zuwana na ƙarshe likita ya ce in bai sauka ba, za mu sake zama kan maganar allura. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Ciwon sugan nan ne ya ci mahaifina, daga ɗan ƙurji a yatsan ƙafa ya faro, kuma ni na yi masa wanka. Da ƙafa ɗaya muka kai shi makwancinsa. Ina so in koma kan keken nan da ƙafafuna biyu, kuma ba na son wani ɗan'uwana ya sauka daga nasa saboda abin da ba a gaya masa ba.

Allah ya buɗa maka kasuwa, ya tsare maka kayanka a hanya, ya ba ka lafiya kai da naka, ya raba ka da ciwon da ake jin kunyar nunawa.

Na gode da ka karanta har ƙarshe. Wassalam.

Naka,
Wani mahauci a Mile One, Fatakwal.