Mahaifina Ya Mai da Jarrabawar Zama Ɗan Ƙasa Zaman Kotu

Anti Rosalind,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Maganar mahaifina ce, kuma ban san dariya zan yi ko kuka ba, don duka biyun ina yi.

Shekararsa sittin da takwas. A ƙasarmu Bama, can gabashin duniya, alƙali ne, har ranar da sojoji suka kawo masa hukunci a rubuce suka ce ya sa hannu, ya ƙi. Yana tsakiyar shari'a suka tashe shi daga kujera. Iyakar abin da muka sani ke nan, don bai taɓa ba mu labarin ba. Mun sha zaman sansanin gudun hijira kafin mu sauka nan birnin Fort Wayne. Yanzu yana tare da ni da mijina Wendell, wanda haifaffen nan ne. Baba yana noman yakuwa da barkono a bayan gida, maƙwabta na ta samun rabonsu.

Ni tuni na zama 'yar ƙasa. Shi ne da bakinsa bara ya ce yana so, wai kafin ya mutu yana son ya jefa ƙuri'a ɗaya wadda za a ƙirga da gaske. Turanci ba matsalarsa ba ne, ya fi ni iyawa. Tambayoyin jarrabawar ma tas ya haddace su. Ya san majalisa ke yin doka, shugaban ƙasa ke zartarwa, kotu ke fassara. Ya san sanatoci ɗari ne. Ya ma karance kundin tsarin mulkin kaf, abin da Wendell bai taɓa yi ba.

Ranar jarrabawar ya sa kwat ɗinsa, na kai shi, na zauna a waje. Ya fito fuska a sake, har na fara murna. Sai a mota yake ba ni labari. Ma'aikaciyar ta sa ya ɗaga hannu ya rantse zai faɗi gaskiya. Ta tambaye shi wace doka ce ta fi kowace a ƙasa, ya ce a takarda tsarin mulki, amma a sanin da ya yi wa duniya, bindiga. Ta tambaye shi me ke hana ɓangare ɗaya na gwamnati danne sauran, ya ce: "Babu komai, 'yata, in mai sojoji ya ga dama." Baiwar Allah ta yi haƙuri, ta sake maimaitawa, shi kuwa ya shiga yi mata bayani. Haka ya yi ta yi har ya faɗi. Na kusa hawa gefen titi! Na ce, "Baba, ai ka san amsar!" Ya ce, "Na sani mana. Amma rantsuwa na yi. Ni na ɗaure mutane a kan rantsuwar ƙarya, yau ni zan yi?"

An ba shi dama ta biyu, saura 'yan makonni. In ya sake faɗuwa, sai dai a soma komai daga farko. Kullum bayan cin abinci nakan yi masa tambayoyin, kullum sai ya mai da teburin kotu. Wendell kuwa daɗin abin yake ji, maimakon ya taya ni. Ya ce, "Baba, nan shugaban ƙasa bai isa ya kori alƙali don ya ɓata masa rai ba." Baba ya ce, "To malam lauya, nawa shugaban ma dokar ba ta ba shi dama ba. Miƙo barkono." Su yi ta dariya, ni ina cika ina batsewa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da na gani shekaranjiya. Na leƙa ta taga na gan shi tsugune cikin yakuwarsa, yana faɗin amsar daidai a hankali shi kaɗai, sai ya girgiza kai ya share ido. Ashe yana ƙoƙari, bakin ne ya ƙi. Ƙanwata ta ce mu janye maganar mu huta. Wendell ya ce a bar dattijo ya yi yadda yake so. Ni kuwa tsorona kada faɗuwa ta biyu ta karya shi, don tun da aka tashe shi daga kujerar nan bai taɓa cewa yana son wani abu ba sai wannan. In matsa masa ya haddace ya rufe ido ya faɗa, ko in ƙyale shi?

'Yar Tsohon Alƙali, Fort Wayne

*

'Yar Tsohon Alƙali,

Da farko ki gaishe mini da Baba. Mutumin da ya bar kujera don kada ya sa hannu a kan ƙarya, ba za ki koya masa rufe ido yana da shekara sittin da takwas ba. Ki daina gwadawa.

Ke ma kina da gaskiyarki. Ɗakin jarrabawa ba wurin muhawara ba ne, kuma ma'aikaciyar aikinta ta yi. Sai dai ƙanwarki ta yi gaggawa, Wendell kuma ya ɗauki abin da sauƙi. Janyewa za ta fi faɗuwa yi wa Baba ciwo.

Ga inda nake ganin bakin zaren. Baba ya ɗauka ana tambayarsa ya yi rantsuwa cewa wannan tsari ba zai taɓa rushewa ba. Ba haka ba ne. Ana tambayarsa me doka ta ce, kuma ba wanda ya kai alƙali sanin bambancin faɗin doka da yin duba. Ki ce masa ya fara kowace amsa da "bisa tsarin mulki", ya faɗi amsar, ya tsaya. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya, rantsuwarsa tana nan lafiya.

Sannan ki tuna masa wani abu da ya karanta da kansa. Waɗanda suka rubuta kundin nan ba don sun yarda da masu mulki suka raba iko uku ba. Don ba su yarda da kowa ba ne. Shi ya sa shugaba zai iya ƙin sa wa doka hannu, majalisa ta iya rinjayarsa ko ta tsige shi, kotu kuma ta iya ce wa duka biyun sun saɓa. Tsoron da ke ransa shi ne ya haifi tsarin. Kuma ya yi gaskiya, takarda ba ta tare bindiga. Mutanen da ke cewa a'a ne ke tarewa, irinsa. Ƙasar nan tana bukatar ƙuri'arsa fiye da yadda yake zato.

Ki sauka daga kujerar malama. Kin fi kusa da shi da yawa, shi ya sa kowace amsa take taɓa ki. Ki nemo wani baƙo, ko daga masu koyar da darasin nan a laburaren unguwa, ya riƙa yi masa gwaji. Muhawarar tebur kuma a bar masa shi da surukinsa, tana yi masa amfani.

Ki kuma ɗauki rana ɗaya ki kai shi kotun garinku, ƙofa a buɗe take ga kowa. Ku zauna a baya ya ga alƙali yana yanke hukunci, ya tashi ya tafi gida ba wanda ya tare shi. A hanyar dawowa kada ki yi masa tambayar jarrabawa ko ɗaya. Ki tambaye shi abin da ya faru a tasa kotun, ki yi shiru ki saurara. Ina zaton wannan ce amsar da ta maƙale masa a wuya, kuma sai ta fita sauran za su samu hanya.

In ya ci, madalla. In bai ci ba, ana sake nema, kuma ba abin da ya ragu daga mutuncinsa. Ina yi muku fatan alheri, kuma ranar da zai tsaya a layin zaɓe, ki bar shi ya karanta takardar ƙuri'ar har ƙarshe, komai tsawon layin da ke bayansa.

Anti Rosalind