Na Huda Motar Firdaoussi Irin ta Damagaram

Malam Tamimu, ka taimake ni da shawara kafin Asabar. Abin da ke damuna ƙarami ne, har ina jin kunyar faɗarsa a cikin mutane.

Ni mutumin Damagaram ne, shekarata goma sha huɗu ina lodin kaya a filin jirgi, muna zaune a unguwar Jamaica da ke nan Queens. 'Yata Firdaoussi, mai shekara tara, ta shiga 'yan sikawut. An ba kowannensu guntun katako, tayoyi huɗu da ƙusoshi huɗu, a sassaƙa mota, a jera a kan gangara a saki, wadda ta riga isa ƙasa ta ci. Ranar Asabar ɗin nan za a yi gasar.

Malam, da na riƙe katakon nan sai da idona ya kawo ruwa. A unguwarmu ta Birni ni ne sarkin mota. Da kara da gwangwanin madara nake yi, in yanko taya daga tsohon silifas, in gasa ƙusa a murhun innata in huda. Har yau ina jin ƙaurin robar nan. Yara su biyo ni cikin rairayi har bakin kasuwa, abokina Souley, Allah ya jiƙansa, yana yi mana kukan inji da baki. Sirrina shi ne ramin gaba ya yi faɗi, tayar ta riƙa wasa, don in ka murɗa dogon karan sitiyari motar ta sha kwana.

Haka na yi wa Firdaoussi. Na gasa ƙusa a kicin, uwarta tana ta faɗan hayaƙi, na buɗa ramukan gaba, ina cika baki wai da tsohuwar zuma ake magani. Ranar gwaji motar ta dinga rawa tana gogar layi, ta zo ta ƙarshe har sau uku. Yarinyar ba ta yi kuka ba, sai kawai ta sa motar a jaka.

Shekaranjiya ta ce mu je wurin Yaw, kafinta ɗan Gana da ke ƙasan benenmu, mai injin huda. Na ce ba inda za mu. Aikin makaranta ba na iya taya ta, kwamfuta ita ke koya mini. Wannan kaɗai na iya, shi ma a kai wa wani? Tun ranar ba ta sake zancen motar ba, kuma shirun nan ya fi mini kuka ciwo.

Tsohon Sarkin Mota, Queens

Ranka ya daɗe Sarkin Mota, hannunka bai mutu ba, aikin ne ya bambanta. Motarku ta gida da direba a bayanta, dole ta iya kwana. Wannan sakinta ake yi, shi ya sa wasan tayar da ya ɗaukaka ka a can ya kayar da ita a nan. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Gyaran ba wuya. Ka cike ramukan da tsinken katako da gam, su kwana su bushe. A sake hudawa da inji, daidai kaurin ƙusa, na hagu yana kallon na dama, tsayinsu ɗaya daga ƙasa. A goge ƙusoshin da samfefa mai laushi, a barbaɗa garin bakin fensir. Sannan ku gangara ta a kan tebur. In ta karkata, ka juya ƙusar gaba kaɗan-kaɗan har ta miƙe. Nan ne idonka zai yi abin da inji ba ya iyawa.

Ban raina abin da ka ji ba. Iyaye da yawa ƙasar nan ta mayar da su ɗaliban 'ya'yansu, kuma da ciwo. Amma ita ma ka duba ta: a gaban ƙawayenta ta sha kaye, ta haɗiye don kada ka ji kunya. Kuma ba cewa ta yi za ta je ba, cewa ta yi ku je. Kai ka riƙe katakon, ita ta sauke hannun injin.

Ku sauka benen nan yau, tun tana neman rakiyarka, don shekarun da 'ya ke neman rakiyar ubanta ba su da yawa. Allah ya ba Firdaoussi sa'a ranar Asabar, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.

Malam Tamimu